Budurwa ko damisa: wace ƙofa 'yar sarki ta nuna wa saurayinta?

Malam_Turanci_BK
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai gajeren labarin da nake karantawa da ɗalibaina, kuma ban taɓa ganin aji ya tashi da magana ɗaya a kansa ba. Wani Ba'amurke, Frank Stockton, ya rubuta shi, ya fara fitowa a mujallar The Century a 1882. Sunansa "The Lady, or the Tiger?", wato budurwa ko damisa. Bari in gutsura wa waɗanda ba su karanta ba.

Wani sarki ne a zamanin da, wanda duk abin da ransa ya raya masa shi ne doka. Ya gina babban dandali da mazaunin 'yan kallo kewaye, a can ƙarshensa ƙofofi biyu iri ɗaya, dab da juna, an lulluɓe su ta ciki da fatu masu kauri don kada a ji ko motsi. Wanda aka zarga da babban laifi, sai a tura shi ya buɗe ɗaya da hannunsa. Bayan ɗaya akwai damisa mai yunwa. In ita ya buɗe, ta yayyaga shi, shi ke nan ya tabbata mai laifi. Bayan ɗayar akwai budurwa da aka zaɓo daidai da shi. In ita ya buɗe, an wanke shi, nan take a ɗaura musu aure a gaban jama'a, ko yana da mata a gida, ko wata yake so, ba ruwan sarki.

Sai 'yar sarkin nan ta kamu da son wani saurayi kyakkyawa, jarumi, amma ba ɗan kowa ba. Suka yi watanni a haka kafin magana ta kai kunnen uban. Aka jefa yaro a kurkuku, aka sa ranar dandali, aka nemo damisar da ta fi kowace mugunta a ƙasar. 'Yar sarki ta yi abin da ba wanda ya taɓa yi: ta zuba zinariya har ta gano abin da ke bayan kowace ƙofa. Ta kuma gano wace budurwa ce, ashe wata kyakkyawa ce cikin 'yan matan fada wadda ta tsana, don tana zargin tana satar kallon saurayin. Ranar hukunci yaro ya ɗaga ido ya dube ta, ta ɗan motsa hannu zuwa dama, ba wanda ya gani sai shi. Ya nufi ƙofar dama kai tsaye ya buɗe. A nan marubuci ya ajiye alƙalami, ya bar mu da tambaya.

Ni dai na ce damisa ce ta fito, kuma hujjata a cikin labarin take. Marubucin ya ce takan yi mafarkin damisa ta razana ta rufe fuska, amma ganin saurayin a ɗaya ƙofar yana murna ya fi yawan zo mata, har tana cije haƙora tana tsige gashin kanta. Ta kai ga tambayar kanta ko bai fi ba ya mutu yanzu ya je ya jira ta a lahira. Wadda ta isa wannan tunanin ta riga ta gama shawara. Ku me kuka gani?

UmmuHanif_Kalgo
Wa alaikumus salam Malam. Na karanta shi ina kwaleji, kuma ni budurwa na ce. Abin da zuciya ke saƙa wa mutum da tsakar dare daban, abin da hannunsa ke aikatawa da rana daban. Wace mace ce ba ta taɓa raya mugun abu ba idan kishi ya taso mata? Da kowa na aikata abin da ya saƙa, da ba a bar kowa a gari ba. Yarinyar nan 'yar gidan ce, ta san abin da damisa ke yi wa mutum a dandalin ubanta. A ce ta zauna a saman bene tana kallo ana fasa ƙirjin wanda take so, kuma ita ta nuna masa hanya? Zuciyata ba ta karɓi wannan ba.

Ɗan_Kabawa
Malam, ni ban ga abin gardama ba ga wanga labari. Damisa ta. Ɗiyas sarki ta hwa, tun da anka haihe ta ba a taɓa amshe mata abu anka ba wata ba. Kuma shi mai labarin yac ce jinin ubanta na gare ta. Mu nan Argungu mun sani, ruwan da anka dama ba a ganin kihi cikinai. Zuciyatta ta damu, ba abin da za ta gani sai waccan yarinya.

Hauwa_Zuru
Ina karanta ku ina mamaki yadda kowa ya tsallake sarkin ya dira kan yarinya. Waye ya fara yanke hukunci da so da kishi a labarin nan? Uban ne. Marubucin ya faɗa ƙarara cewa yana son 'yarsa fiye da kowane ɗan Adam. Son nan ne ya sa ya ga talaka ya ɗaga ido ya dubi 'yarsa ya ji kamar an yi masa sata. Ba wanda ya musanta soyayyar, ba shi ba, ba ita ba, to me za a bincika a dandali? Sarki ya san ko wace ƙofa aka buɗe ya raba su. Shi ya gina ƙofofin, shi ya sa aka nemo damisar, shi ya sa aka zaɓo budurwar. Amma da an ce kishi sai kowa ya waiwayi mace.

Sani_Jega
Anti Hauwa, ai Hausawa ne suka ce kishi kumallon mata. Ba mu muka ƙirƙiro ba.

Hauwa_Zuru
@Sani_Jega ƙanena, maza ne suka fi yawan faɗin wannan karin maganar. Je ka tambayi matan da aka hana zuwa bikin 'yan uwansu don kawai akwai ɗan kawu a gidan, su gaya maka kumallon waye.

Magatakarda_Gusau
Salamu alaikum. Akwai wuri ɗaya a labarin da nake so mu tsaya a kai, don a aikina na kotu shi nake gani kullum. Marubucin bai ce 'yar sarki ta kama su da wani abu ba. Cewa ya yi ta gani, ko kuma ta zaci ta gani, budurwar na kallon saurayin, wani lokacin ma takan ji kamar yana mayar da kallon. Ta taɓa ganin su suna magana na ɗan lokaci kaɗan, ba ta ji abin da suka ce ba. Iyakar hujjarta ke nan. A kan wannan ne ran mutum zai tafi ko ya tsira.

Wani magidanci ya taɓa zuwa wurinmu, riƙe da wayar matarsa da ya fasa wa fuska. Akwai lambar da ke kiranta bayan isha'i, ya kira da rana namiji ya ɗauka. Bai tambaye ta ba, bai tambayi kowa ba, ya rubuta mata saki uku ya aika da shi gidansu. Da aka bi diddigi, uwar adashinsu ce, ba ta da waya, da ta mijinta take kira idan ya dawo daga kasuwa. Mutumin nan ya zauna a kan benci yana juya wayar a hannu yana tambaya ko akwai wata hanya. 'Ya'ya huɗu. Kuma in ka tambaye shi zai rantse maka son da yake mata ne ya sa.

Shi ya sa a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, aka ce ba a karɓar shaidar abokin husuma ko wanda ake tuhuma da son zuciya, kuma ba a karɓar ta miji ga matarsa ko ta mata ga mijinta, ko ta ɗa ga iyayensa. Ƙiyayya na karkata shaida, so ma na karkata ta. 'Yar sarkin nan ta haɗa duka biyun, kuma ita ce alƙali.

Almajirin_Gwandu
Magatakarda ka yi daidai, Allah shi saka. Hadisin Abu Bakrata na nan cikin Buhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya hana alƙali shi yanke hukunci tsakanin mutum biyu shina cikin hushi. Malammai sun ƙiyasta duk abin da ka dagula hankali bisa gare shi, yunwa mai tsanani, ƙishirwa, baƙin ciki. In hushi na hana hukunci, ina ga kishi?

Amma ga wanda nike ganin ya hi kusa da labarin Malam. Cikin Buhari da Muslim ɗin dai, daga Abu Huraira: mata biyu kowace da ɗanta, kyarkeci yaz zo yaɗ ɗauke ɗan guda, sunka yi gardama bisa wanda yas saura. Annabi Dawuda (AS) yab bai wa babbar. Da sunka hito wurin Annabi Sulaimana (AS) sai yac ce a kawo wuƙa shi raba musu yaron biyu. Ƙaramar tac ce kada ka yi, Allah shi jiƙan ka, ɗanta na. Sai yab ba ƙaramar. To ku duba, ƙohwa biyu ta nan ma: ko shi rayu hannun wata, ko shi mutu. Mai son gaskiya ta zaɓi shi rayu hannun wata. In ɗiyas sarki son gaskiya takai mai, budurwa ta tah hito. In damisa tah hito, to mallaka ta, ba so ba.

Malam_Turanci_BK
Allah ya gafarta Malam, wannan misalin ya yi nauyi. Sai dai son uwa da son saurayi da budurwa ba ɗaya ba ne. Uwa ba ta kishin ɗanta ya ji daɗi a hannun wata, ita dai ya rayu. Budurwa kuwa jin daɗin nasa da wata shi ne ainihin abin da ke ƙona ta. Marubucin ya nuna haka: ba auren kaɗai ke damun ta ba, murnar da za ta gani a fuskarsa ce, da ihun jama'a, da ƙararrawar biki, ita kuma kukanta ya ɓace a cikin hayaniya.

Hajiya_Yelwa
Ni ban karanta labarin ba sai yadda Malam ya kawo shi, amma bari in faɗi nawa, don na tsaya a gaban irin waɗannan ƙofofin.

Maigidana ya yi mini amarya bayan mun daɗe tare. Ba mu jituwa ko kaɗan. Akwai lokacin da ta yi yaji ta tafi gidansu, ni kuwa har ga Allah daɗi na ji. Tana can sai ya yi hatsarin mota a hanyar Koko zuwa Yauri, aka kai shi asibiti ya zubar da jini sosai. Aka gwada nawa bai yi ba, aka gwada na ƙaninsa bai yi ba. Ni kaɗai na tuna cewa lokacin haihuwarta an ce jininsu iri ɗaya ne, don ni na riƙe mata katin asibiti. Ba wanda ya sani sai ni. Na hau mashin zuwa gidansu. A kan hanya, mayafina na tashi ina riƙe shi da haƙori, abin da ke yawo a kaina shi ne: gobe duk dangi za su ce jinin amarya ne ya tashe shi. Wallahi na ji wannan tunanin har cikin ƙashina. Amma ban ce mai mashin ya juya ba. Na same ta tana wanke-wanke, na ce tashi mu tafi, ba ta ko tsaya ɗauraye hannu ba.

Kuma abin da na ji tsoro shi ya faru. Surukata har ta koma ga Allah tana faɗin jinin wance ne a jikin ɗanta. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci. Amma ga shi nan yana aurar da 'ya'yansa. Don haka Malam, kada ka ce wadda ta yi mugun tunani ta gama shawara.

UmmuHanif_Kalgo
Allahu akbar. Hajiya, Allah ya saka miki da Aljanna. Abin da nake ta son faɗi ke nan.

Bashar_Ƙaura
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ki yi mini afuwa, halin da kika shiga ya bambanta da nata. Ke da ya tashi mijinki ne, kina ɗakinki, 'ya'yanki na da uba, kwananki na nan. Kin raba ne, ba ki rasa ba. Kuma kina da tsoron Allah da sanin za ki tsaya gabansa. 'Yar sarki ko ta wace ƙofa ta rasa shi har abada, kuma a al'adar garinsu kallon mutuwa abin nishaɗi ne. Marubucin ma ya ce ba don wancan jinin na ubanta ba, da ba za ta iya zuwa dandalin ba ranar. Ina tare da Malam.

Hajiya_Yelwa
Ɗana, a kan mashin ɗin nan ban yi lissafin kwana ko ɗaki ba. Fuskarsa kawai nake gani yadda na baro shi.

Injiniya_Aliero
Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne saurayin. An ce ya san halinta, har ya tabbata a ransa ba za ta huta ba sai ta gano sirrin ƙofofin. To wanda ya san ta haka bai san tana da kishi ba? In ya sani, ya kamata ya yi tunani: in ta nuna dama, wataƙila hagu ce mafita. Ita ma in ta san zai yi wannan tunanin, sai ta nuna akasin abin da take nufi. Ka ga abin ba shi da ƙarshe. Da ya rufe ido ya zaɓa da kansa, rabi da rabi ne. Da ya bi hannunta, ya mayar da ransa gaba ɗaya kan abin da ke zuciyar mutum ɗaya.

Ɗan_Kabawa
Injiniya ka taɓo inda nike so. Mi yas sa bai tsaya shi yi tunani ba ko kaɗan? So hana ganin laihi. Shi ma son ya rufe mai ido, ba ita ɗai ba.

Maryam_Argungu
Ni ban ɗauke shi rufewar ido ba. A duk labarin shi kaɗai ne bai yi zato ba. Sarki ya yi hukunci da izza, 'yarsa tana fama da zargi, jama'a sun zo kallo. Shi ya tambaya, aka ba shi amsa, ya yarda. Idan ya tsaya yana lissafin ko za ta yaudare shi, to me ya rage na soyayyar da zai mutu a kanta? Kuma ina jin ta san zai yarda. Sanin cewa mutum ya miƙa maka wuyansa ba tare da shakka ba yana da nauyin da ke hana hannu cuta.

Bashar_Ƙaura
Ko kuma yana sauƙaƙa cutar. Yawancin waɗanda aka ci amanarsu ai waɗanda suka yarda ne.

Almajirin_Gwandu
Tun da Malama Hauwa ta kawo zancen maza, bari in ƙara. Sa'adu ɗan Ubada (RA) yac ce da zai ga wani da matatai da kaihin takobi zai sare shi. Manzon Allah (SAW) bai ce kishi haramun na ba, har yac ce shi ya hi Sa'adu kishi, Allah kuma ya hi shi. Amma duk da haka Suratun Nur ta aza shaidu huɗu, in babu sai li'ani, wato rantsuwar miji da mata, gaban alƙali. Ba a bar mai kishi shi zama mai ƙara, shi zama shaida, shi zama mai zartarwa ba.

Ta wajen mata kuma ga hadisin Anas cikin Buhari. Wata daga cikin iyayen muminai ta aiko da akushin abinci ɗakin da Annabi (SAW) yake, mai ɗakin tab bugi hannun ɗan aike, akushi yaf faɗi yap pashe. Annabi (SAW) yat tattara gutattsarin da abincin da kainai, yac ce uwarku ta yi kishi. Bai yi mata hwaɗa ba. Amma sai da yas sa anka ɗauko lafiyayyen akushi daga ɗakinta anka mai da ma waccan. An yi uzuri ga abin da ke zuciya, ba a yi uzuri ga ɓarna ba. Ku duba littafin Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, duk wannan tsarin na tsare talaka daga zuciyar mai iko na.

Safiya_Mafara
Kowa na ta maganar sarki da 'yarsa da saurayi. Ita yarinyar da aka kulle a bayan ƙofa fa? Wa ya tambaye ta? An zaɓo ta ne don kyanta, aka sa ta a ɗaki mai duhu, bango ɗaya tsakaninta da damisa, tana jiran a aura mata wanda kowa ya san zuciyarsa na wurin wata. Laifinta duka shi ne wai ta kalli mutum. Ina da ƙawa da aka yi wa irin wannan, aka ba ta mijin da kowa a unguwa ya san wadda yake so, don kawai iyaye su raba shi da waccan. Shekarunta na farko a gidan nan ba na fatan su ga kowa. Ko budurwa ce ta fito, ni ban ga wanda ya ci riba ba sai sarki.

Sani_Jega
Gaskiya ni irin wannan labarin yana ba ni haushi. Ka ja mutum har bakin ƙofa sannan ka ce ya ƙarasa da kansa. In marubuci ya san amsa ya faɗa, in bai sani ba me ya sa ya fara?

Baba_Bunza
Sani, yaro, ai mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakata takan yi mana tatsuniyar samari uku masu neman yarinya ɗaya. Ɗaya na da madubin da ya hango ta tana ciwon ajali, ɗaya na da abin hawan da ya kai su cikin ƙiftawar ido, ɗaya na da maganin da ya tashe ta. Sai ta ce to wa za a ba? Nan za mu kaure da gardama har a kore mu mu kwanta. Ba ta taɓa ba mu amsa ba. Da na girma na gane tana saurare ne ta ji halin kowannenmu daga abin da ya zaɓa. Wanda ya ce mai magani, da wanda ya ce mai madubi, ba tunaninsu ɗaya ba.

Malam_Turanci_BK
Baba, Allah ya ƙara lafiya, haka abin yake. @Sani_Jega masu karatu a Amurka ma sun dame shi da wasiƙu suna neman amsa, bai bayar ba har ya rasu a 1902. A 1885 ya fitar da wani labarin a matsayin ci gaba. Baƙi biyar suka zo daga wata ƙasa mai nisa don su ji abin da ya fito. Wani babban bafade ya ce sai sun fara amsa tasa: wani ɗan sarki aka ɗaura wa aure ido a rufe, sannan aka jera masa mata 40 aka ce ya nuna matarsa ko a sare shi. Ɗaya ta yi murmushi, ɗaya ta ɓata fuska, ya zaɓi ɗaya a cikinsu kuma ya dace. Wacce ce? In sun faɗa, zai gaya musu budurwa ce ko damisa. Ka ga nan ma zancen ɗaya ne: matar da mijinta ya kasa gane ta, murmushi za ta yi ta jawo shi, ko ranta ne zai ɓaci?

UmmuHanif_Kalgo
Wannan kam ɓata fuska za ta yi. Amma mu koma kan na farko. Akwai abin da na tuna a Suratu Yusuf. 'Yan uwan Annabi Yusuf (AS), da suka ga uba ya fi son sa, abin da suka fara cewa shi ne a kashe shi ko a jefar da shi wata ƙasa. Matar Azizu kuwa, da asirinta ya tashi tonuwa a bakin ƙofa, ga fushi ga kunya ga an ƙi ta, ba ta ce a kashe shi ba, cewa ta yi a ɗaure shi ko a yi masa azaba. Wasu malaman tafsiri sun lura da wannan, suka ce son da take masa ne ya hana bakinta ambaton kisa. Daga baya ma ita ce ta fito gaban sarki ta wanke shi. To 'yar sarkin labarinmu ta fi kama da wa? Wanda take jin zafinta ita ce budurwar, ba saurayin ba. In ta nuna damisa, budurwar ba abin da ya same ta, gobe ma za a ba ta wani mijin.

Bashar_Ƙaura
Maman Hanif, amma dai matar Azizu ta sa an ɗaure marar laifi shekaru. Wannan ba ƙaramar cuta ba ce. Kuma mai kishi ba ya lissafin wa zai ji ciwo, so yake kawai kada waccan ta samu.

Magatakarda_Gusau
Bashar, na ga iri biyun duka. Na ga wadda ta zo da niyyar sai an ɗaure mijinta, da aka zo karanta hukunci ta fashe da kuka ta ce ta yafe. Na ga kuma wanda ya gwammace gidan da suka gina tare ya rushe da a ce matar ta zauna a ciki da wani. Kafin su buɗe baki ba ka iya cewa ga wanda zai yi kaza. Abin da na lura kawai, wanda ya daɗe shi kaɗai da zarginsa, bai faɗa wa kowa ba, shi ya fi yin aika-aika. Kuma 'yar sarkin nan kwana da kwanaki ta yi ita kaɗai da tunaninta, ba uwa, ba ƙawa, ba wanda za ta gaya wa. Wannan ne ke sa ni jin tsoron abin da ke bayan ƙofar dama.

Hauwa_Zuru
To ai ka dawo kan maganata. Wa ya bar ta ita kaɗai? Gidan da 'ya ba ta isa ta ce Baba ga wanda nake so ba, dole ta koma saye da zinariya da nuni da hannu a ɓoye.

Malam_Turanci_BK
Na karanta duka. Labarin Hajiya ya tsaya mini a rai, kuma hujjar Maman Hanif ta Suratu Yusuf zan kai wa ɗalibai. Amma ina nan kan damisa, saboda yadda marubucin ya raba tawadarsa: tsoron damisa layi kaɗan ya ba shi, zafin kishi kuwa ya zauna ya zana shi dalla-dalla, har da yadda kumatun budurwar za su yi ja don murna.

Maryam_Argungu
Malam, wataƙila da gangan ya yi haka. Kowa ya san mutum ba ya son masoyinsa ya mutu, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗaya ɓangaren ne sai an cika masa nauyi kafin ma'auni ya daidaita. Da bai yi haka ba, da ba wanda zai yi gardama.

Safiya_Mafara
Ni tambayata ga masu cewa budurwa: washegari fa? Amarya da ango suna garin, 'yar sarki na fada da zinariyarta da mutanen da ta riga ta saya. Kuna ganin za ta bar yarinyar nan ta zauna lafiya? Hajiya, ke da kika san abin, bayan ya warke ya kuka ƙare da amaryar?

Hajiya_Yelwa
'Yata, ba mu zama ƙawaye ba, kada in yi miki ƙarya. Ta dawo ɗakinta, muna gaisawa, in ɗanta ba lafiya ina dubawa, in nawa ne tana dubawa. Kishin bai tafi ko'ina ba. Ranar girkinta har yanzu da wuri nake rufe ƙofata.